Ruwan Maganin Tsoho Moy

Kaneng ta yi shekara tara tana aikin jinya a Jos kafin ta biyo mijinta Chuwang zuwa Amurka a 1981. Shi yana karatun injiniya a Washington, ita kuwa da ta zo aka ce mata takardunta na gida ba su isa ba, sai ta sake zana jarrabawa. Sau biyu tana faɗuwa, ba don ba ta san aikin ba, sai don yadda suke murɗa tambaya. A na uku ta ci, aka ba ta lasisi, ta samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi da ke Laurel. Bene ne hawa biyu, kullum yana warin maganin goge ƙasa, kuma ɗakuna goma sha huɗu na hawan sama suna hannunta daga safe zuwa la'asar.

A wannan hawan akwai Martha, 'yar Kagoro, wadda suke coci ɗaya a Lanham. Kaneng ce ta yi mata hanya aka ɗauke ta a matsayin mai taimaka wa nas, kuma gidan ne yake nema mata takardar izinin zama a ƙasar. Takan kira Kaneng da Yaya. In aiki ya lafa sukan tsaya a bakin tebur su yi 'yar hira da Hausa, Turawa su wuce suna kallonsu.

A farkon 1985 aka kawo Tsoho Moy. Ya shekara arba'in yana wanki da guga a shagonsa a unguwar 'yan Sin, kan titin H, har ranar da ya faɗi a bayan kanta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, ɗan Turancin da yake da shi ya tafi gaba ɗaya, sai yarensu ya rage masa, shi ma da ƙyar. Ɗansa Warren ne ya kawo shi, wani dogo mai kwat da ke aiki a Virginia. Ya sa hannu a takardu, ya gaya wa Kaneng cewa iyayensa mutanen da ne, kada ta biye musu. Likita ya rubuta wa tsohon ƙwayoyi huɗu, ciki har da ta tsinka jini don kada ya sake daskarewa.

Matarsa kuwa kusan kullum tana zuwa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai baƙin wando da rigar ulu, takan hau jirgin ƙasa daga Washington ta sauka a Laurel, ta tako da ƙafa daga tasha da jakar cefane a hannu. Ba ta jin Turanci, in ban da na gode da a'a. Kaneng ta ga sunanta ya yi mata wuyar faɗi, sai take ce mata Mama kawai, ita kuma ta koyi amsawa.

Tsohon ya ƙi abinci. In an kawo dankalin da aka dama da naman kaza, sai ya kau da kai ya rufe baki. Cikin wata ɗaya fatarsa ta saki, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Wata rana da hantsi Kaneng ta shiga ɗakin ta tarar da Mama ta zuba wani baƙin ruwa daga jan filas a murfi, tana ba shi da cokali, shi kuma yana buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Ɗakin ya cika da wani wari mai ɗaci da ƙamshi a haɗe. Dokar gidan a fili take: ba a ba majinyaci komai daga waje sai da izinin likita. Kaneng ta karɓi cokalin a hankali, ta girgiza kai, ta rufe filas ɗin ta miƙa mata. Tsohuwar ba ta yi gardama ba. Ta zauna a kujera ta rungume filas ɗin a cinya har lokacin tafiyarta ya yi. Washegari ta sake zuwa da shi, ta sake zama haka. Kwana huɗu ana wannan, tsohon yana kallon filas, matar tana kallon ƙasa.

Abin ba baƙo ba ne ga Kaneng. A Jos ta sha zaro kwalbar jiƙo daga ƙarƙashin gadon mara lafiya. Ta ga wanda jiƙon ya lalata wa ƙoda, ta kuma ga wanda ya tashi da shi bayan likitoci sun haƙura. Abin da ta koya shi ne a fara sanin mene ne a ciki. Don haka ran Juma'a ta nuna filas ɗin, ta nuna kanta, ta yi alamar tafiya, har tsohuwar ta gane. Ta zaro wani kati mai adireshin shagon da ake haɗa maganin daga jaka ta ba ta.

Ran Asabar, ranar hutunta, Kaneng ta shiga jirgi ta je unguwar 'yan Sin. An riga an rushe gidaje da yawa a wajen an yi manyan gine-gine, abin da ya rage bai fi 'yan layuka ba. Shagon yana ƙasan wani gidan abinci, sai an sauka matakala. Bango guda kaf ƙananan aljihunan katako ne, kowanne da rubutunsa, ga kwalabe cike da saiwoyi da busassun abubuwan da ba ta san kansu ba. Mama tana zaune a benci tana jiranta. Mai shagon, Mista Fong, dattijo ne mai tabarau, yana jin Turanci daidai gwargwado. Da ya ji nas ce, ya shimfiɗa farar takarda a kanta, ya riƙa jawo aljihu yana auna kaya da ɗan ƙaramin sikeli na tagulla yana zubawa tuli-tuli. Kaneng ta gane citta, ta gane kirfa, ta gane wani abu kamar jan dabino. Sauran ba ta sani ba: wata jar saiwa siririya, da wata fara da aka yanka fale-fale mai ƙamshi mai ƙarfi. Ya ce mata wannan na ɗumama ciki ne, wannan na buɗe sha'awar abinci, waɗannan biyun kuma na motsa jini ne ya gudana. Ya ce shekara da shekaru yana haɗa wa Moy irinsa. Ta roƙe shi ya rubuta mata sunayen, ya rubuta da rubutunsu, a gefe kuma ya sa da harufan boko yadda ake furtawa.

Likitan gidan, Dokta Brenner, ran Talata kawai yake zuwa, kuma kullum a gurguje yake. Kaneng ta tare shi a bakin tebur, Martha tana tsaye a wajen tana ninke tawul. Ta nuna masa takardar ta yi masa bayani. Ya juya ta sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce shi bai yi karatun Sinanci ba. Ya tambaya ko tsohon yana cin abinci, ta ce a'a, kullum ramewa yake.

"To in dai shayi ne, bar shi ya sha," in ji shi. "Me zai yi masa?"

Ta miƙa masa fayil ta ce ya rubuta. Ya duba agogo ya ce zai rubuta in ya gama zagaye. Da ta fito daga ɗaki na gaba, motarsa ta bar wajen. Sai ta rubuta a nata shafin cewa likita ya amince da baki, ta sa rana da lokaci. Talatar da ta biyo baya wani likitan ne ya zo a madadinsa, ta gaba kuma wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki aka yini a kanta, maganar sa hannu ta bi ruwa.

Ranar da Kaneng ta shiga ɗakin ta nuna filas ta gyaɗa kai, Mama ta kama hannunta da hannu biyu ta riƙe. Tsohon ya sha. Bayan kwana uku ya karɓi kunun shinkafa. Cikin sati biyu ya fara zama a kujera a bakin taga, har yana ɗaga hannunsa mai lafiya in Kaneng ta shigo. Mama ta riƙa zuwa mata da lemo, wata rana da wani farin burodi mai nama a ciki da aka turara. Da dusar ƙanƙara ta yi yawa a watan Fabrairu, tafiyar ta fi ƙarfin tsohuwar, sai ta riƙa barin filas biyu, Kaneng ta ɗumama ta ba shi da hannunta safe da rana. Ta ba Chuwang labari tana jin daɗi, ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji ta yi aikin jinya irin na gida ba sai a kan tsohon nan.

A sati na bakwai ta ga wani shatin jini a damtsensa, faɗin tafin hannu. Washegari da Martha take goge masa haƙori, burushin ya fito da ja. Kaneng ta tsayar da ruwan maganin a ranar, ta buga wa ofishin likita waya ta ce a zo a auna jininsa. Aka ce mata sai Litinin. Ran Alhamis da safe, ana cikin ba shi kunu, kansa ya langaɓe a kafaɗa, cokalin ya faɗi. Motar asibiti ta tafi da shi. Jini ne ya ɓalle a ƙwaƙwalwarsa, ran Asabar ya cika.

Warren ya zo kwashe kayan mahaifinsa ya ga filas a kan durowa. Ya buɗe ya shinshina, fuskarsa ta canja. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wa yake ba shi wannan, Kaneng ta ce ita ce, da izinin likita. Ya ce shekara ashirin yana faɗa da uwarsa a kan waɗannan saiwoyi, ya kawo mahaifinsa nan ne don ya raba shi da su. Bayan kwana biyar takardar lauyansa ta iso. Kafin la'asar shugabar ma'aikatan jinya ta kira Kaneng ofis, ta karɓi makullan ɗakin magani, ta ce ta je gida har a gama bincike. Wani mai gadi ya raka ta bakin ƙofa.

Chuwang ya saurare ta har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Maman Chundung, wa ya aike ki? Danginki ne?" Daga baya ya ba ta haƙuri, ya nemo mata lauya, amma maganar ta riga ta zauna. 'Yarsu Chundung tana Bukuru wajen kakarta, kuma a wannan shekarar suka yi niyyar ɗauko ta. Babu wanda ya sake tayar da zancen.

Da aka sa ranar zama gaban kwamitin da ke ba da lasisi, Kaneng ta aika wa Martha ta zo. Ta zo bayan coci, ta zauna a bakin kujera, ko jakarta ba ta ajiye ba. Kaneng ta ce ba ta neman ta yi ƙarya ko ta ƙara komai, abin da kunnenta ya ji a bakin tebur kawai za ta faɗa. Martha ta fara kuka. Ta ce shugabar ta kira ta sau biyu, ba ta ce mata komai a fili ba, amma duk sau biyun sai da ta ambaci takardar zamanta.

"Yaya, kin san halin da nake ciki," ta ce.

"Na sani. Ni na kawo ki wajen."

Martha ta ce za ta yi addu'a a kai.

Aka yi zaman a wani ɗaki mai dogon tebur, mutum biyar a gefe ɗaya. Dokta Brenner ya ce ya tuna an nuna masa wata takarda mai rubutun Sinanci, amma bai ba da izini ba, kuma ba zai taɓa amincewa a haɗa wani abu da ƙwayar tsinka jini ba tare da ya san mene ne ba. Ya ce da ya ba da umarni, da sa hannunsa yana cikin fayil. Aka buɗe fayil, babu. Aka kira Martha. Ta ce lalle tana wajen, amma hankalinta yana kan aikinta, ba ta ji abin da suka ce ba. Har ta gama ba ta ɗago kai ba.

Daga nan aka shigo da Mama. Ta ƙara ƙanƙancewa, rigar ulun ta yi mata yawa. Tafintan da aka ɗauko wani saurayi ne mai Sinancin makaranta, ita kuwa yaren ƙauyensu take yi, suka yi ta juyi ba su fahimci juna ba. A ƙarshe aka yarda Warren ya fassara, duk da lauyan Kaneng ya nuna bai gamsu ba. Aka tambaye ta wa ya ce ta ba mijinta maganin. Tsohuwar ta fara magana. Ta daɗe tana yi, tana dukan ƙirjinta da yatsa, ta nuna Kaneng, ta sake nuna kanta, ta yi alamar cokali zuwa baki, hawaye suna bin kumatunta. Warren ya ce mata wani abu a taƙaice, ta girgiza kai ta ci gaba. Da ta yi shiru, ya juyo wajen kwamitin.

"Ta ce nas ce ta gaya mata babu komai."

Shugaban zaman ya tambaya ko shi ke nan. Warren ya ce sauran duk kukan mijinta ne.

Kaneng ta zauna tana kallon bakin tsohuwar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba za ta iya cewa ƙarya ya yi ba. Ita ce ta nuna filas ta gyaɗa kai. Amma ta san ba a dukan ƙirji a ce wani ne ya yi. A ɗakin nan kaf mutum biyu ne suka san abin da aka faɗa, ɗaya ba ta da bakin da za a ji, ɗaya kuma ya zaɓi abin da zai bari ya fito. Da za a fita da ita, Mama ta yi kamar za ta nufo Kaneng, ɗanta ya riƙe mata gwiwar hannu ya juya ta wajen ƙofa.

Bayan sati uku hukunci ya zo a ambulan. An janye lasisinta na shekara uku, saboda ba da abin da likita bai rubuta ba. Likitan yana nan yana zagayensa na Talata. Gidan ya sasanta da Warren, aka liƙa sabuwar sanarwa a bango game da abincin waje. Martha ta samu takardarta kafin Kirsimeti.

A coci aka sa Kaneng a addu'a sati biyu a jere. Sa'an nan fasto ya kira ta gefe ya ce 'yan'uwa mata sun lura ba ta gaisawa da Martha, kuma ya kamata babba ta fara yafewa. Kaneng ta ce ta ji. Ran Lahadi mai zuwa ta gaishe ta a gaban mutane, ta tambayi lafiyarta da ta aiki, Martha ta amsa tana murza zanenta. Daga ranar Kaneng ta daina zuwa zumuntar mata.

Da a ce zalunci ne zalla, da ta fi samun sauƙi. Amma akwai tambayar da ba ta da wanda za ta yi wa. Ta je ɗakin karatu ta yini tana bincike da sunayen da Mista Fong ya rubuta mata, ta samu 'yan layuka a wata mujallar likitoci da ke cewa ana zaton jar saiwar tana hana jini daskarewa, ba a tabbatar ba. Ta kuma san cewa ƙwayar kaɗai tana iya jawo abin da ya faru, ta ga haka da idonta. Sai dai Mista Fong ya gaya mata da bakinsa cewa na motsa jini ne, ita kuma da hannunta take ba tsohon ƙwayar kowace rana. Ba ta haɗa biyun a ranta ba, don tana murnar yana cin abinci.

Da bazara ta shigo ta sake komawa titin H. So take ta samu Mama, Mista Fong ya fassara mata, ta ji abin da aka faɗa a ɗakin nan. Ta sauka matakalar, ya ɗago ya gan ta, ya ci gaba da ɗaure ƙunshin da ke hannunsa. Ya ce Warren ya ɗauke uwarsa, ya sallami ɗakinta, babu wanda ya san inda ya kai ta. Ya ce jami'an lafiya sun zo shagonsa sau biyu sun kwashe kaya, mutanensa kuma sun fara jin tsoron shigowa. Ta tambaye shi ko Mama ta faɗa masa wani abu kafin ta tafi. Ya ce bai san komai ba. Har ta juya, sai ya yi magana.

"Shekara talatin yana shan wannan, bai taɓa zubar da jini ba. Ba wanda ya gaya mini yana shan ƙwayar Turawa. Ni ban san ta ba. Ke ce nas."

Ta hau matakala ta fita.

Ta samu aiki a wani babban sito a Laurel, inda ake haɗa kayan kicin a kwali ana lodawa a manyan motoci. Ba ta gaya wa kowa a wajen abin da take yi a da ba. Tana tsaye awa takwas tana naɗe tukwane da takarda, ta liƙe kwali, ta tura. Da shekara ukun suka cika Chuwang ya kawo mata fom ɗin neman a mayar mata da lasisi, ta sa shi a durowa ta ce sai ta huta.

Wata rana da azahar, wani ɗan Ghana mai suna Kwabena da ke aiki a layin da ke kusa da nata ya zame da wuƙar yanka kwali, ta tsarge masa hannu daga wuyan hannu zuwa sama. Jini ya yi tsartuwa har kan kwalaye. Mutane suka taru suna ihu, shugaban layi yana tambaya ko akwai wanda ya iya taimakon gaggawa. Kaneng tana taku uku daga wajen. Da kallo ɗaya ta san wace jijiya ce, ta san inda za a danna da yadda za a ɗaure. Ƙafarta ta ɗaga, sai ta mayar. Ta ɗauki tsabtataccen tsumma daga tebur ta jefa masa, ta ce ya danna da kansa da ƙarfi ya ɗaga hannun sama da kansa, ta ce wa shugaban ya kira motar asibiti. Kwabena yana kallonta, fuskarsa ta yi toka-toka, ya ce, "Anti, riƙe mini, hannuna ba ƙarfi." Ta ce wa wani da ke kusa ya riƙe masa. Ta tsaya hannuwanta a bayanta tana gaya musu abin da za su yi, har masu motar suka iso suka tafi da shi.

Aka kawo guga aka wanke ƙasa. Wata mata da suke layi ɗaya ta ce mata ashe ta san kan abin nan, kamar ta taɓa aikin asibiti. Kaneng ta ce a talabijin ta gani, ta jawo kwali na gaba.